Ɗaliban sakandare da muke kira daƙiƙai alhali taimako suke nema

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wasu ɗalibai da na daɗe ina koyarwa a makarantar sakandare, waɗanda ba kasafai ake tuna su ba idan ana zancen ilimi. Duk lokacin da aka ce "masu buƙata ta musamman", abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne makaho da sandarsa, ko kurma mai maganar hannu, ko yaron da ke kan keken guragu, kuma lalle waɗannan suna da haƙƙi a kanmu wanda har yau ba mu gama saukewa ba. Wanda nake nufi a wannan wasiƙa shi ne yaron da idan ka dube shi ba za ka ga komai ba. Yana zuwa tsaf da kayan makarantarsa, yana gaishe ka, yana wasa da 'yan ajinsu, amma karatu ko rubutu ko fahimtar magana ko furta ta yana ba shi wahalar da ba ya ba sauran. Irin wannan yaro ba ya shiga lissafin masu buƙata ta musamman. Sunan da yake samu a ɗakin malamai shi ne daƙiƙi, ko malalaci, ko mai kunnen ƙashi.

Zan fara da laifin kaina, domin ba na son a ɗauka ina nuna wa wasu yatsa ne. A farkon aikina akwai wani yaro a aji biyu wanda littafinsa na rubutu ya dinga ɓata mini rai. Kowane shafi yana farawa lafiya, da kwanan wata da kan darasi an ja masa layi, sai layi uku ko huɗu na rubutu, daga nan kuma fari fat har ƙasa. Zango biyu ina ba shi sifiri ina hukunta shi, ina ce masa wasa ya sa a gaba. Wata rana na ba su abin kwafa a allo, na zagaya na tsaya a bayansa ba tare da ya lura ba. Sai na ga yana ɗaga kai ya ɗauko harafi biyu ko uku, ya sunkuya ya rubuta, idan ya sake ɗagowa ya riga ya ɓace wa inda ya tsaya, sai ya koma farkon layin yana bi da ido yana motsa leɓe har ya gano wurin. Wanda ke kusa da shi kuwa jimla guda yake ɗaukowa a kallo ɗaya. Kafin yaron nan ya kai layi na huɗu na riga na share allon na ci gaba. Bayan an tashi na tsayar da shi na tambaye shi da baki yadda hadari ke haɗuwa har a yi ruwa, wanda shi ne darasin da muka yi jiya, sai ya zayyana mini shi tiryan-tiryan fiye da yadda na ɗayan ajin zai iya. Ranar na koma gida jikina a sanyaye.

Daga baya na gane cewa abin da na gani ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda ya kasa koyon karatu, har malaminsa yana cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. Wannan matsala ita ce ake kira disleksiya a yau. Ba ciwon ido ba ce, ba kuma ƙarancin hankali ba. Tushenta shi ne wahalar rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa, ta yadda abin da ya zama wa sauran yara kamar numfashi, shi sai ya yi ta faman haɗa shi ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin ya kai ƙarshen jimla ƙarfinsa ya ƙare a kan haruffa, ma'anar ta tsere masa. Fiye da shekara 100 ke nan da wannan bayani, amma ni na fito daga kwalejin horar da malamai ban san yadda zan gane shi a gabana ba.

Abin da ya sa na keɓe sakandare da magana shi ne a nan ne yawancin irin waɗannan yara suke faɗuwa. A firamare yaro yakan wuni da malami ɗaya ko biyu, kuma ko malamin bai san sunan matsalar ba, zama tare yana koya masa cewa wane sai an maimaita masa, wance kuma sai an matso da ita gaba. Da yaron ya shigo sakandare sai kiɗa ya canza, ba a kuma koya masa sabuwar rawar ba. Malamai sun zama 10 ko fiye, kowa da muryarsa da salon rubutunsa da dokokinsa, kowa yana da minti 40 ya shigo ya fita, kuma kowannensu yana ganin ɗaruruwan fuskoki a mako. Ilimin da malamin firamare ya tara a kan yaron bai biyo shi ba, domin abin da ke biyo shi takardar sakamako ce kawai. Bayan haka karatun kansa ya sauya fuska. A da ana koya masa yadda zai karanta, yanzu kuwa an ɗauka ya iya, ana jiran ya yi amfani da karatun ya koyi kimiyya da tarihi da lissafi. Kalmomin sun yi nauyi, jimlolin sun yi tsawo, ana ce masa ya kwatanta, ya bambanta, ya kawo hujja, alhali babu wanda ya taɓa zama ya bayyana masa abin da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi take nema a wurinsa.

Mafi ɓoyuwa a cikin matsalolin, a ganina, ita ce ta fahimtar harshe da sarrafa shi. Akwai yaran da kunnensu lafiya lau, hankalinsu lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarsu ba ta kama magana da saurin da ake yin ta, kuma idan suna son bayani kalmar da suke nema takan maƙale, sai ka ji suna ta cewa "abin nan" da "wannan ɗin". Wani bincike da Farfesa Courtenay Norbury ta jagoranta a Ingila, wanda aka buga a 2016, ya gano cewa kimanin kashi 7 cikin 100 na yaran da ke shiga makaranta suna da wannan matsala ba tare da wani sanannen dalili ba, wato kusan yara 2 a ajin mutum 30. Matsalar ba ta tafiya don yaro ya girma, sai dai ta koyi ɓuya. Ka ɗauki umarni irin wanda muke bayarwa kullum ba tare da tunani ba: ku buɗe shafi na 42, ku tsallake tambaya ta farko, ku amsa ta biyu da ta huɗu a bayan littafi, wanda ya gama ya kawo mini. Umarni huɗu ke nan a numfashi ɗaya. Yaron da muke magana a kai ya kama na farko, wataƙila da na ƙarshe, na tsakiya sun zube. Sai ya leƙa littafin maƙwabcinsa don ya ga abin da ake yi, mu kuma mu kama shi da satar amsa.

A nan akwai wani rikici da ya kamata a warware, domin a ƙasashe da dama ana koyarwa a sakandare da harshen da ba shi ne yaro ya tashi da shi ba. Malami yakan ce ai duk ajin ma harshen ne yake ba su wahala, don haka babu yadda za a ware mai matsala ta daban. Akwai hanya, kuma ba ta da wuya. Yaron da harshen koyarwa ne kaɗai ya yi masa nauyi, idan ka juya ka yi masa magana da harshen gida za ka ji shi yana zuba, yana ba da labari daga farko har ƙarshe ba tare da ya rikice ba. Wanda kuwa matsalar a jikinsa take, ko da harshen uwa sai ka ji labarin yana tsinkewa, yana sa ƙarshe a farko, kuma idan ka tambayi iyayensa sau da yawa za su ce maka ya yi jinkirin fara magana, ko kuma tun yana ƙarami idan an aike shi abu uku da ɗaya yake dawowa. Minti 10 na hira da yaro da harshensa yana bayyana abin da jarabawar zango ba za ta bayyana ba.

Mu malamai mun fi lura da hali fiye da dalilinsa, kuma shekarun sakandare shekaru ne da yaro ya fi tsoron kunya a gaban tsaransa fiye da bulala. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma yaran nan sun riƙe wannan karin magana fiye da kowa. Ɗan shekara 15 da ya san idan ya miƙe ya karanta za a yi masa dariya, ya gwammace ya ce ya manta littafinsa, ko ya tsokani na kusa da shi a kore shi waje, ko ya mayar wa malami baƙar magana. A kira shi fitinanne ya fi masa sauƙi a kan a kira shi daƙiƙi, domin fitinanne yana da 'yan kallo masu yaba masa. Yarinya kuma sau da yawa shiru take zaɓa, ta lafe a tsakiyar aji, ta yi ta gyaɗa kai, ta cika littafinta da kyakkyawan rubutun da ba ta fahimci rabinsa ba, kuma da yake ba ta damun kowa, sai ta gama shekara 6 ba wanda ya tambaye ta ko tana tare da mu. Na daɗe da koya wa kaina cewa idan rashin jin yaro kullum yana tashi ne daidai lokacin karatu a bayyane ko lokacin rubutu, to ba a halin gizo ke saƙar ba.

Akwai wata ɗaliba mai in'ina da ta koya mini abin da ban samu a littafi ba. Ko kiran suna da safe azaba ne a wurinta, domin tana jin layi yana matsowa kusa da ita, maƙogwaronta yana ɗaurewa tun kafin a iso. Ni kuma da kyakkyawar niyya nakan ƙarasa mata kalmar da ta maƙale, ko in ce ta kwantar da hankalinta ta ja numfashi. Wata rana ta rubuto mini a 'yar takarda cewa ta san abin da take son faɗa, kuma duk lokacin da na ƙarasa mata, sai ta ji kamar na ƙwace mata magana daga baki, wani lokaci ma ba kalmar da take nufi nake faɗa ba. Sai muka yi wata yarjejeniya tsakaninmu wadda babu wanda ya sani a ajin. Idan ta kwantar da bironta a kan murfin littafi, tana shirye in kira ta, idan kuwa yana hannunta, in wuce. A makon farko biron bai sauka ba ko sau ɗaya. A mako na uku ya sauka, na kira ta, ta yi in'ina a kalma biyu, na tsaya ina kallonta kamar yadda zan kalli kowa har ta kai ƙarshe, kuma amsar daidai ce. In'inar ba ta tafi ba, ba kuma aikina ba ne in kawar da ita, amma daga ranar ta daina ɓoye abin da ta sani.

Wannan jira da na ambata ya fi ƙarfin a raina shi. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 tsawon lokacin da malamai ke bayarwa bayan sun yi tambaya, sai ta samu bai fi sakan 1 ba kafin su maimaita, ko su sauya tambayar, ko su wuce wurin wani. Da aka horar da malaman su jira sakan 3 ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, kuma waɗanda ba sa magana a da suka fara buɗe baki. Ga yaron da ke buƙatar lokaci kafin magana ta zauna masa, sauya tambaya da wasu kalmomi ba taimako ba ne, domin yana tsakiyar warware ta farko ka ɗora masa ta biyu. Duk malamin da ya gwada yin shiru na sakan 5 a gaban aji zai ji kamar shekara ce, amma ba ta cin ko sisi, ba ta kuma buƙatar izinin kowa.

Batun ji ma haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma ba duka ne kurame ba. Akwai wanda kunne ɗaya ne ya mutu, akwai wanda ciwon kunne mai yawan dawowa ya rage masa ji. Irin wannan yaro yakan ji wasula da tashin murya da saukarta, amma siraran baƙaƙe irin su "s" da "f" da "sh" su ne ke fara ɓace masa, don haka ya san ana magana amma kalmomin suna zo masa a gutsure. Yana cike giɓin ne da kallon bakin malami. To malamin da ya juya baya yana rubutu a allo yana bayani a lokaci guda ya yanke masa wannan igiya, haka ma wanda ya tsaya a gaban taga haske ya duhunta fuskarsa. Idan kuma aka jera ɗalibai bisa tsawo ko bisa maki, yaron ya faɗa layin baya, to an gama da shi. Masu lalurar otizim kuma, wato lalurar da ke wahalar da mu'amala da sadarwa da mutane, waɗanda mutane kan haɗa su da wasu lalurori daban a kira su duka galahanga, abin da ya fi wahalar da su a sakandare shi ne hayaniya da sauyin da ba a sanar ba da kuma magana mai harshen damo. Idan ka ce wa irin wannan yaro cikin gatse ya ci gaba da surutunsa, ci gaba zai yi, ba don raini ba, don abin da ka faɗa ke nan.

Ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Matsalarmu ta farko ba rashin gini na musamman ba ce ko rashin na'urori, ita ce abin da malami ɗaya ya gano ba ya isa kunnen sauran. Na gano matsalar yaron nan mai kwafar allo, na fara ba shi darasin a rubuce a takarda kafin a shiga aji, na kuma rage masa yawan rubutu, amma minti 40 kaɗai yake yi a hannuna. Sauran wunin yana hannun malamai 9 da ba su san komai ba, ana ci gaba da share masa allo ana hukunta shi. Abin da ya kamata shi ne kowace makaranta ta ɗora wa malami guda, mai hankali da haƙuri, alhakin bin lamarin waɗannan ɗalibai, a kuma rage masa darussa domin ya samu lokacin yin aikin, kada ya zama muƙamin suna kawai. Shi zai zauna da yaron da iyayensa, ya rubuta shafi ɗaya tak wanda ke cewa ga abin da yaron ya iya, ga abin da ke ba shi wahala, ga abubuwa uku ko huɗu da ke taimaka masa, sannan ya tabbatar kowane malamin da ke shiga ajin ya karanta, har da sabon da ya zo a tsakiyar zango. Na ce shafi ɗaya da gangan, domin na san abokan aikina, kuma na san kaina, rahoto mai shafi 20 a aljihun tebur zai kwana.

Sai dai kada naɗa wannan malami ya zama hanyar da sauran za su zame. A Ingila an ɗauki mataimakan malamai masu yawa domin su zauna kusa da yara masu buƙata, kuma kowa ya ɗauka alheri ne. Wani babban bincike da Farfesa Peter Blatchford ya jagoranta, wanda sakamakonsa ya fito a 2009, ya nuna cewa yaran da suka fi samun irin wannan taimako sun fi takwarorinsu masu irin matsalarsu jinkirin ci gaba. Laifin ba na mataimakan ba ne, na tsarin ne. Malamin darasi ya sakar musu yaron gaba ɗaya, sai ya zama ɗalibin da ya fi kowa buƙatar ƙwararren malami shi ne ya fi kowa nisa da shi, mataimakin kuma saboda tausayi da son a gama aiki yana faɗa masa amsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Darasin da ke ciki ya shafi har makarantun da ba su taɓa ganin mataimakin malami ba: yaron nan ɗalibin malamin lissafi ne a lokacin lissafi, ɗalibin malamin kimiyya ne a lokacin kimiyya, ba kayan wani ofishi ba ne.

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin ni ma na faɗa. Za su ce aji ya cika ya batse, manhaja tana da tsawo, jarabawa tana tafe, ina malami zai samu sukunin kula da mutum ɗaya. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ba zan ce dabarar malami za ta maye gurbin likitan kunne ko masanin gyaran magana ko rage cunkoso ba, waɗannan nauyi ne a kan hukumomi. Amma a duba abubuwan da ake nema daga malamin aji. Ya ba da umarni ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta shi a gefen allo ya bar shi a wurin. Ya koyar da sababbin kalmomi biyar na darasin kafin ya shiga darasin. Ya fuskanci aji idan yana magana. Maimakon ya tambaya ko an gane, wanda kowa zai amsa da e, ya ce wa yaro ya faɗa masa abin da zai fara yi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke cutar da haziƙin ɗalibi, hasali ma ajin gaba ɗaya ne ke cin moriyarsu, kuma lokacin da suke ci bai kai wanda muke ɓatawa wajen tsawa da maimaita bayani da korar yara waje ba.

Wani abin da ake yawan jayayya a kai shi ne sassauci a jarabawa. A Ingila an saba ƙara wa ɗalibin da aka tabbatar da buƙatarsa kashi 25 cikin 100 na lokacin jarabawa, wani a ba shi mai karanta masa tambayoyi, wani mai rubuta abin da ya faɗa, wani kuma ɗaki marar hayaniya. Akwai masu ganin wannan son kai ne. Tambayar da nake yi musu ita ce, me jarabawar take aunawa? Idan jarabawar kimiyya ce, sanin kimiyya ake nema, ba saurin haɗa haruffa ba, kuma babu wanda ke cewa an yi son kai don an bar mai raunin gani ya shiga da tabarau. Sai dai sassaucin ba ya amfani idan ranar jarabawar ƙarshe aka fara shi. Yaron da bai taɓa yin shifta ga wani ba, ba zai iya tsara amsa da baki a ranar farko ba. Dole ne ya zama hanyar da ya saba aiki da ita tun daga gwajin aji.

Game da iyaye, mun saba ba ma kiransu sai an yi laifi, don haka uba yana shigowa makaranta ne da shirin jin kunya ko shirin faɗa. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta raini yaro shekara 13 ta san abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, kuma sau da yawa ta daɗe da zargin akwai wani abu, tsoron a yi wa ɗanta tambari ne ya sa ta yi shiru. Tsoron nata yana da tushe, shi ya sa nake jan kunnen 'yan'uwana malamai kada wanda ya karanta wannan wasiƙa ya koma aji yana raba wa yara sunayen lalurori. Malami ba likita ba ne. Aikinsa shi ne ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla, ya ba da shawarar a duba ido da kunne tun da farko, sannan ya gyara abin da ke hannunsa ba tare da jiran takardar asibiti ba, domin matso da yaro layin gaba ba ya buƙatar sa hannun likita. Shi ma yaron a tambaye shi, a keɓe, ba a gaban 'yan ajinsu ba. Wani taimakon da muke ganin alheri ne, shi tonon silili ne a wurinsa.

Ba sabon alƙawari nake nema daga kowa ba. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 sun taru a Salamanka ta ƙasar Sifaniya, suka amince cewa makarantu na kowa da kowa su ne za su karɓi dukan yara su kuma daidaita kansu da buƙatunsu. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa, wadda sashenta na 24 ya tanadi ilimi tare da kowa da kuma tallafin da kowane ɗalibi ke buƙata. Tun kafin nan, a 1978, rahoton kwamitin Mary Warnock a Birtaniya ya ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 5 zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta. Idan haka ne, wannan ba darasin zaɓi ba ne da za a ba ɗaliban kwalejin horar da malamai a zango ɗaya su haddace su manta, ya kamata a sa su zauna a bayan aji su kalli yaro guda yana kwafar allo, kamar yadda ni ban yi ba sai bayan na zalunci wani yaro zango biyu.

Roƙona ga shugabannin makarantun sakandare shi ne, a taron malamai na farkon zango mai zuwa, su ware awa ɗaya, kowane malami ya kawo sunayen ɗalibai uku da suka fi ba shi wahala, a haɗa sunayen a ga waɗanda suka maimaitu, sannan a sa wani ya zauna da kowannensu ya saurare shi yana karatu, yana ba da labari, yana bin umarni, kafin a sake ɗaga masa bulala. Ga shugabannin firamare kuma, su haɗa takardar sakamakon ɗaliban da suke yayewa da 'yan layuka daga malamin ajinsu na ƙarshe a kan abin da ya lura da shi. Kai kuma Edita, ina fata za ka tura wakilanka su tambayi makarantu wane ne ke riƙe da wannan aiki a wurinsu, su kuma buga mana amsar da suka samu.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani malamin makarantar sakandare